Sharuɗɗan Samun Lasisin Masanin Halayyar Ɗan Adam a Jihar Kalifoniya



Abin da za mu tattauna a kansa yau shi ne hanyar da mutum yake bi kafin hukuma ta yarda ya kira kansa masanin halayyar ɗan Adam, har ya buɗe ofis yana duba jama'a, a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Wani zai ce, ina ruwanmu da dokar wata jiha da ke can bakin Tekun Fasifik? Amsar kashi biyu ce. Na farko, a cikinku akwai masu niyyar zurfafa karatu a wannan fanni a ƙasashen waje, kuma wanda bai san sharuɗɗan ba tun da wuri yana iya ɓata shekaru da dukiya a kan hanyar da ba ta ɓullewa. Na biyu, da yawa daga cikinku gobe ku ne za ku zauna a ma'aikatu kuna tsara dokokin sana'o'i, saboda haka yana da amfani ku ga yadda wata al'umma ta warware wata tambaya mai wuya, watau wane ne ya cancanci a damƙa masa asirin zuciyar mutane?

Wane ne masanin halayyar ɗan Adam?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu raba tsakanin ma'aikata biyu da jama'a kan haɗa su wuri ɗaya. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya yi karatun likita cikakke, sa'an nan ya ƙware a kan cututtukan taɓin hankali, yana rubuta magani, yana kwantar da majiyyaci a asibiti. Marigayi Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda ya soma tsarin jinyar masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta cikin shekarar 1954, irin wannan likita ne. Shi kuwa masanin halayyar ɗan Adam bai bi ta makarantar likitoci ba. Karatunsa a kan tunani ne da ɗabi'a da yadda mutum yake koyo, yake tsoro, yake baƙin ciki, yake girma daga yarinta zuwa tsufa. Kayan aikinsa su ne gwaje-gwajen auna hankali da hali, da kuma jinya ta hanyar tattaunawa. A Kalifoniya doka ba ta ba shi ikon rubuta magani ba, ko da yake wasu jihohi kaɗan sun ba da wannan iko ga wanda ya yi ƙarin horo. Jihar New Mexico ce ta fara a 2002, Louisiana ta bi baya a 2004.

Wannan fanni bai daɗe ba in an kwatanta shi da aikin likita. A 1879 ne Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin bincikensa a Leipzig ta ƙasar Jamus, a 1896 kuma Lightner Witmer ya buɗe wurin duba yara masu matsalar karatu a Jami'ar Pennsylvania. Amma abin bai bunƙasa ya zama sana'a ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojoji masu ɗimbin yawa suka koma Amurka da raunin da ido ba ya gani, likitocin ƙwaƙwalwa kuma suka yi kaɗan. Gwamnati ta zuba kuɗi wajen horar da masana halayya. Da sana'ar ta soma kawo kuɗi, sai 'yan damfara su ma suka shigo, kowa ya rataya allo a ƙofarsa. Daga nan ne maganar lasisi ta taso.

Dalilin da ya sa kowace jiha take da tata doka

Mu a Nijeriya mun saba da hukumomi na ƙasa baki ɗaya. Likita yana yin rajista da majalisar likitoci ta ƙasa, injiniya yana yi da COREN, kuma takardar da aka ba shi tana aiki daga Sakkwato har Kalaba. A Amurka ba haka abin yake ba. Gyara na goma da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 ya bar wa jihohi duk ikon da ba a miƙa wa gwamnatin tarayya ba, kuma kula da lafiya da amincin jama'a yana cikin abin da aka bar musu. A 1889 Kotun Ƙolin ƙasar, cikin shari'ar Dent da jihar West Virginia, ta tabbatar cewa jiha tana da ikon hana mutum aikin likita in ba shi da takardar cancanta. A kan wannan harsashi aka gina lasisin sauran sana'o'i.

Jihar Connecticut ce ta fara yin doka a kan masana halayya a 1945, Virginia ta biyo a 1946, aka yi ta bi ɗaya bayan ɗaya har zuwa 1977 da Missouri ta rufe ƙofa. Kalifoniya ta yi dokarta ta farko a 1957, wadda ta tsare sunan sana'ar kawai, sa'an nan a 1967 ta yi dokar lasisi wadda ta tsare aikin kansa. Bambancin yana da muhimmanci. Dokar farko ta hana ka ɗaukar sunan da ba naka ba. Ta biyun ta hana ka yin aikin gaba ɗaya, ko da wane suna ka laƙaba wa kanka.

Hukumar da ke riƙe da wannan doka ita ce Hukumar Kula da Masana Halayya ta Kalifoniya, mai ofis a Sacramento. Abin lura shi ne inda aka ajiye ta: tana ƙarƙashin ma'aikatar kare haƙƙin masu saye da masu neman hidima, tare da hukumomin da ke kula da magina da masu aski da masu gyaran mota. Tana da wakilai 9, biyar masana ne masu lasisi, huɗu kuwa mutanen gari ne waɗanda ba sa cikin sana'ar. Dokar da ta kafa ta ta faɗi a fili cewa kare jama'a shi ne babban aikinta, kuma duk lokacin da wata maslaha ta ci karo da wannan, to, kare jama'a ne a gaba. Saboda haka kada ku ɗauke ta ƙungiyar ma'aikata mai neman wa 'ya'yanta alheri. Mai gadi ce da aka ajiye a ƙofa domin majiyyaci.

Sharaɗi na farko: digirin digirgir

Digiri na farko ba ya isa, na biyu ma ba ya isa. Sai mutum ya sami digiri na uku a ilimin halayyar ɗan Adam, cikin ɗaya daga rassan da doka ta lissafa, kamar reshen jinya, ko ba da shawara, ko aikin makarantu, ko aikin kotu, ko halayyar ma'aikata a masana'antu da ofisoshi. Ana kuma karɓar digiri na uku a fannin ilimi in ƙwarewarsa ta shafi halayyar ɗalibai ko ba da shawara. Dole ne jami'ar ta kasance wadda wata hukumar tantance jami'o'i ta yanki, wadda ma'aikatar ilimi ta Amurka ta amince da ita, ta tantance.

Digirin iri biyu ne aka fi sani. Akwai PhD, wanda tsarinsa ya samo asali daga taron da aka yi a Boulder ta jihar Colorado a 1949, inda aka yanke shawarar cewa masanin halayya ya zama mai bincike kuma mai jinya a lokaci guda. Akwai kuma PsyD, wanda taron Vail na 1973 ya amince da shi, shi kuwa ya fi ba da ƙarfi ga aikin jinya. Kalifoniya tana da hannu a wannan tarihi, domin a nan ne Nicholas Cummings da abokan aikinsa suka kafa makarantar horar da masana halayya mai zaman kanta a 1969. Hukuma tana karɓar duka biyun. Bambancin da ɗalibi zai kula da shi na aljihu ne: shiga PhD ta fi wuya amma galibi jami'a takan ɗauki nauyin karatun, PsyD kuwa ta fi sauƙin shiga amma yawanci ɗalibi ne ke biya, har ya fita da bashi mai nauyi. Kowanne ka ɗauka, ka sa a ranka shekara 5 zuwa 7 ne bayan digiri na farko.

To, wanda ya yi digirinsa na uku a wata ƙasa fa, kamar a ɗaya daga jami'o'inmu? Doka ba ta rufe masa ƙofa ba. Wanda ya yi karatu a wajen Amurka da Kanada zai miƙa takardunsa ga wani kamfanin auna takardun ilimi da ke cikin ƙungiyar NACES, ko ga hukumar rajistar masana halayya masu aikin lafiya ta ƙasar, su duba darussan da ya yi ɗaya bayan ɗaya, su tabbatar digirin ya yi daidai da nasu. Nan ne da yawa suke tuntuɓe. A jami'o'in da suka gaji tsarin Ingila, digiri na uku sau da yawa kundin bincike ne kaɗai, ba darussan aji, ba horon asibiti. Mutum yana iya zama shaihin malami a fanninsa, amma in takardar sakamakonsa ba ta nuna abin da mai aunawa yake nema ba, sai a sami cikas. Shawara a nan ita ce ku adana takardar kowane darasi da kuka yi, da bayanin abin da ya ƙunsa, da shaidar kowane horo na asibiti, tun kuna ɗalibai. Tun ran gini tun ran zane.

Sharaɗi na biyu: awa 3,000 a ƙarƙashin kulawa

Karatun littafi ba ya koya wa mutum abin da zai ce da matar da ta zauna a gabansa ta ce ta gaji da rayuwa. Don haka doka ta ce sai mai neman lasisi ya yi aiki na awa 3,000 a ƙarƙashin ƙwararre. Ana iya yin rabin farko, watau awa 1,500, kafin a kammala digirin, galibi cikin shekarar horo a asibiti. Amma aƙalla awa 1,500 dole su kasance bayan an karɓi digirin. In muka yi lissafi da awa 40 a mako, awa 3,000 mako 75 ke nan, kusan shekara ɗaya da rabi ba hutu. Ba a ƙirga wa mutum fiye da awa 44 a mako, domin kada wani ya yi ta kwana a asibiti ya ce ya gama cikin wata shida. Kowane rabi kuma yana da wa'adin wata 30 a jere da za a kammala shi.

Kulawar ma an tsara ta daki-daki. Kashi 10 cikin 100 na lokacin aikin dole ya tafi wajen zama da mai kulawa, kuma aƙalla awa ɗaya a kowane mako ya zama shi da babban mai kula da shi ne su biyu. Ba a yarda mai koyo ya biya mai kula da shi kuɗi domin wannan kulawa ba. Ba a yarda ya zama ɗan'uwansa ko wanda suke da wata alaƙa ta kusa da za ta hana shi faɗin gaskiya ba. Dalilin a fili yake: wanda kake biya ba zai iya kallon idonka ya ce ba ka iya ba, haka ma kawunka.

Akwai wata ƙa'ida ƙarama da nake so ku riƙe. Kafin a fara aikin, sai mai koyo da mai kulawa sun rubuta yarjejeniya sun sa hannu, wadda ta bayyana irin aikin da za a yi da abin da ake son a koya. Duk awar da aka yi kafin sa hannun ba ta shiga lissafi. Haka nan wanda zai yi horonsa a ofishin wani masani mai zaman kansa, sai hukuma ta yi masa rajista a matsayin mataimaki tukuna. Mutum yana iya yin wata huɗu yana aiki tuƙuru, ranar lissafi a ce masa babu ko awa ɗaya, saboda takarda guda da ba a sa wa hannu a kan lokaci ba. Ku da kuke aikin gwamnati kun san ƙarfin fayil, kun kuma san ba a yi masa gardama.

Sharaɗi na uku: darussa shida na musamman

Ban da digirin, Kalifoniya tana bukatar shaidar cewa mutum ya yi wasu gajerun darussa. Akwai na sha'anin jima'i da matsalolinsa, awa 10. Na gane alamun cin zarafin yara da yadda ake kai rahoto, awa 7. Na shaye-shaye da jinyarsa, awa 15. Na duka da cin zarafi tsakanin ma'aurata, awa 15. Na tsufa da kula da tsofaffi. Sai na auna haɗarin kashe kai da yadda ake shawo kansa, awa 6, wanda ya zama wajibi daga farkon shekarar 2020. In kun duba wannan jeri za ku ga ba malaman jami'a ne suka zauna suka tsara shi rana ɗaya ba. Majalisar dokokin jiha ce ta riƙa ƙara darasi ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon matsalar da ta addabi jama'a a kowane zamani.

Sharaɗi na huɗu: jarrabawa biyu

Jarrabawa ta farko ita ce wadda ake kira EPPP a taƙaice. Ƙungiyar hukumomin lasisi na jihohin Amurka da lardunan Kanada, wadda aka kafa a 1961, ita ce mai ita, kuma an fara yin ta a 1965. Ana yin ta da kwamfuta, tambayoyi 225 ne na zaɓar amsa, cikin awa 4 da minti 15. Daga ciki 175 ne kawai ake ba maki, sauran 50 ana gwada su ne domin jarrabawar gaba, kuma mai rubutawa bai san waɗanne ne ba. Ana auna sakamako daga 200 zuwa 800, ana cin jarrabawa da 500, wanda ya yi kusa da kashi 70 cikin 100. Ta taɓo fannoni 8, tun daga aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da tunani da motsin rai, da tasirin al'umma da al'ada, da girman mutum, har zuwa gano cuta, da jinya, da hanyoyin bincike da ƙididdiga, da ladubban sana'a. Ƙungiyar ta ƙirƙiro kashi na biyu mai auna gwaninta, ta yi niyyar tilasta shi daga 2026, amma jihohi suka yi ƙorafi, sai ta dakatar da wannan shiri a 2024.

Jarrabawa ta biyu ta Kalifoniya ce ita kaɗai, sunanta CPLEE, tambayoyi 100 ne a kan dokokin jihar da ladubban aiki. Domin ku gane dalilin da ya sa ake yin jarrabawa sukutum a kan doka, bari in ba ku labarin wata shari'a da kowane ɗalibin wannan fanni a Amurka ya haddace.

A 1969 wani ɗalibi ɗan ƙasar Indiya mai suna Prosenjit Poddar, wanda ke karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya gaya wa masanin halayyar da ke duba shi a asibitin jami'ar cewa zai kashe wata budurwa da ta ƙi shi. Masanin bai yi shiru ba, ya sanar da 'yan sandan jami'a. Suka tsare saurayin na ɗan lokaci, suka ga kamar yana cikin hankalinsa, ya yi musu alkawarin zai nisance ta, suka sake shi. Babu wanda ya gaya wa yarinyar ko iyayenta. Ranar 27 ga Oktoba, 1969, ya je gidansu ya kashe ta. Sunanta Tatiana Tarasoff. Iyayenta suka kai ƙara. Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke hukunci a 1974, ta sake zama a kansa a 1976, inda ta ce in mai jinya ya gane, ko ya kamata a ce ya gane, majiyyacinsa haɗari ne ga wani mutum, to, wajibi ne ya ɗauki matakin da ya dace domin kare wannan mutum. A 1985 majalisar jihar ta yi doka ta fayyace iyakar wannan nauyi.

Ku dubi tsaka mai wuyar da ke nan. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma duk sana'ar masanin halayya a kan riƙon sirri take tsaye. In majiyyaci ya san za a tona, ba zai buɗe baki ba, in bai buɗe baki ba kuwa babu jinya. Amma ga ran wani mutum a gefe guda. Masani mai lasisi dole ya san daidai inda amanar majiyyaci ta tsaya, haƙƙin wanda ake shirin cutarwa ya fara. Haka nan doka ta wajabta masa, in ya yi zargin ana cin zarafin yaro, ya sanar da hukuma nan take ta waya, ya bi da rahoto a rubuce cikin awa 36. Waɗannan su ne irin abubuwan da jarrabawa ta biyu take tambaya, kuma sun bambanta daga jiha zuwa jiha.

Sharaɗi na biyar, da abin da ke bayan lasisi

A ƙarshe ana ɗaukar hoton yatsun mai nema, a aika wa ma'aikatar shari'a ta jihar da hukumar FBI su duba ko yana da tarihin laifi. Baƙo kuma ya sani cewa lasisi daban, izinin zama da na aiki daban. Hukumar jiha ce ke ba da na farko, gwamnatin tarayya ce ke ba da na biyu, kuma samun ɗaya bai lamunce maka ɗayan ba.

Lasisin ba na har abada ba ne. Ana sabunta shi duk bayan shekara 2, kuma kafin a sabunta sai mutum ya nuna ya yi awa 36 na ƙarin ilimi, ciki har da awa 4 a kan doka da ladubba. Kowane majiyyaci yana da ikon kai ƙara gaban hukuma, ita kuma tana iya jan kunne, ko ta sa mutum a ƙarƙashin sa ido, ko ta dakatar da shi, ko ta ƙwace lasisin ɗungum. Laifin da ba a yi masa sassauci shi ne neman majiyyaci da lalata. A Kalifoniya wannan laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu saboda shi, ban da asarar lasisi. Ana kuma buga sunayen masu lasisi da hukuncin da aka yi musu a intanet, kowa yana iya dubawa kafin ya je wurin wani. Lasisin Kalifoniya kuwa a Kalifoniya yake aiki. Masanin da ya zo daga wata jiha kwana 30 kawai doka ta ba shi a shekara, in zai zauna sai ya nemi nasu.

Wanda ya ga wannan hanya ta yi masa tsawo, akwai wasu ƙofofi. Da digiri na biyu ana iya samun lasisin mai ba da shawara kan aure da iyali, ko na ma'aikacin jin daɗin jama'a mai aikin jinya, a ƙarƙashin wata hukuma daban, su ma bayan awa 3,000 na horo da jarrabawa. Suna yin jinya ta tattaunawa, amma ba su da ikon kiran kansu da sunan masanin halayya. Wanda kuma burinsa koyarwa ne da bincike a jami'a kawai, ba ya bukatar lasisi.

Ribar tsarin da tsadarsa

Ba zai zama adalci ba in na bar ku da zaton cewa tsarin ba shi da aibi. Shekarun suna da yawa, kuɗin yana da yawa, saboda haka ɗan talaka yakan sare a hanya. Wani bincike da aka buga a 2019 a kan masu rubuta EPPP a jihar Niu Yok ya nuna baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka sun fi Turawa faɗuwa a zama na farko, abin da ya sa wasu suke tambaya ko jarrabawar tana auna iya jinya ne ko iya jarrabawa. Masana kuma sun fi taruwa a manyan birane irin su Los Angeles da San Francisco, suka bar yankunan manoma cikin ƙaranci. Duk ƙofar da aka ƙuntata domin hana ɓarawo shiga, tana hana wasu mutanen kirki ma.

Duk da haka, ku auna abin da ke ɗaya gefen sikeli. Wanda ya kai ɗinki wurin tela, in an ɓata masa zai gani da idonsa, gobe ya sauya tela. Amma mai ciwon damuwa, ko yarinyar da aka ci zarafinta, ko mutumin da kotu ke jiran rahoton masani kafin ta yanke wa zai riƙe 'ya'yansa, ba su da hanyar auna gwanintar wanda ke gabansu, kuma sun zo ne a lokacin da suka fi kowane lokaci rauni. Lasisi alkawari ne da hukuma ta yi musu cewa ta duba a madadinsu, kuma in an ci amanarsu akwai inda za su kai kuka.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Tun 1964 aka buɗe sashen nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, kuma a watan Janairun 2023 aka sanar da sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Masu neman irin wannan taimako suna ƙaruwa, musamman a yankunan da rikici ya ɗaiɗaita, haka ma masu tallar kansu a kafofin sada zumunta da sunan gwanaye. Ban ce mu kwafo dokar Kalifoniya yadda take ba, domin ƙasar da masananta ba su da yawa, in ta ce sai mai digiri na uku kaɗai zai taɓa majiyyaci, ta bar miliyoyi ba mai duba su. Abin ɗauka shi ne ginshiƙan: a san wanda ya cancanci sunan, a horar da shi a gaban wanda ya fi shi, a jarraba shi a kan dokar wurin da zai yi aiki, a ajiye sunansa inda kowa zai gani, a kuma sa mutanen gari cikin masu yi masa hukunci.

Ku kuma masu niyyar tafiya, kafin ku biya ko sisi na neman shiga wata jami'a, ku buɗe shafin hukumar jihar da kuke son aiki a cikinta, ku karanta sharuɗɗanta da kanku, domin majalisa takan gyara su daga lokaci zuwa lokaci. Ku tambayi jami'ar wace hukuma ce ta tantance ta, ɗalibanta nawa suke samun gurbin horo a asibiti, nawa suke cin EPPP. Ku lissafa shekarun da kuɗin a takarda, ku nuna wa iyayenku, kafin a sayar da gona.